Shekarar da Na Ci Dokin Malam

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Malam, shi kuma ya karɓi abinsa. Ni ban yi karatu ba, jikata Safiya ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. In kun ga inda zance ya yanke, to kuka ne ya ci ƙarfina, don tun da na fita takaba ban yi wuni guda da busasshen ido ba.

Abin da ya sa na ce a rubuta wannan shi ne hirar da na ji kuna yi ranar sadakar arba'in. Kuna zaune a tsakar gida kuna tuna mahaifinku, sai ɗayanku ya ce ai Baba bai taɓa samun abokin dara kamar ƙanwarsa Goggo Rabi ba, sauran kuka ce haka ne. Ina cikin ɗaki ina jin ku. Ba wanda ya ce Iya fa. Kun tashi kun tarar da ni zaune gabansa kowace la'asar, kun ɗauka haka abin yake tun asali, kamar turmi a tsakar gida. Ba haka yake ba. Wurin zaman nan sai da na rasa wani abu kafin na same shi, kuma ina so ku sani tun ina da rai.

Ni 'yar Kurfi ce, gidanmu gidan shanu ne. Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakata, amma kunya ba ta bar mu ba. Ranar da za a kawo ni Dutsin-Ma, Innata ta zaunar da ni ta yi mini magana, ba da yawa ba, don ita ba mai yawan magana ba ce. Ta ce kada na kama sunan mijina, kada na ci abinci yana kallo, kada na zauna ina fuskantarsa da rana tsaka, kada kuma na sa hannu na ɗauki abin da ke gabansa sai in shi ya miƙo mini. Ta ce matan gari suna yin duk waɗannan, amma ni ba 'yar gari ba ce. Na riƙe maganar nan kamar yadda na riƙe salla, kuma ba ta taɓa yi mini nauyi ba, don Malam mutum ne mai sauƙi. Fataucin hatsi yake yi, ya sayo gero da wake a Karofi da Kutawa ya kawo kasuwa. In ya yi sallar la'asar sai ya shigo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ya jingina da bango, ni kuma ina gefe ina ɓarar wake ko ina kaɗi, na ba shi kafaɗa. Ya yi ta ba ni labarin kasuwa, wanda jakinsa ya kwanta a rafi, wanda ya zuba tsakuwa a cikin wake aka kama shi. Yana kwaikwayon muryar mutane, ina rufe baki da gefen zane. Daga la'asar zuwa magariba nawa ne. Ban san ina da dukiya ba sai da aka taɓa ta.

A shekarun da aka fara cewa Turawa za su tafi, wani tsohon soja ya dawo garin da zama, ana ce masa Saje. Ya zo da wata dara da ya koyo a can inda suka yi yaƙi, mai gidaje fari da baƙi. Yanzu na ji jikokina suna ce mata ces, mu darar soja muka sani. Mahaifinku kuwa a darar ƙasa, ta kara da tsakuwa, ba mai kayar da shi a kasuwar nan. Da Saje ya shimfiɗa tasa a gindin itace kusa da 'yan hatsi, sai mutane suka tura Malam, suka ce ga gwaninmu. Saje ya nuna masa tafiyar kowane ɗa, suka zauna. Kafin mai goro ya gama ƙulla goronsa an kashe wa Malam sarki. Suka sake, aka kuma. Ya shigo gida ranar nan bai ba ni labarin kowa ba. Sai can ya ce, kamar da kansa yake magana, wai Saje ya ce masa ba ƙarshen wasan ke kashe shi ba, fitar farko ce bai iya ba. A darar ƙasa duk 'ya'ya ɗaya ne, wanda ka ga dama shi za ka dasa. A wannan kuwa akwai wanda zai fara fita, akwai wanda zai jira, shi kuma Malam da an fara sai ya saki sarauniya gaba don ita ce mai ƙarfi, a yi ta korarta har gidansa ya watse.

Bai kwana biyu ba ya je wurin masassaƙi aka yi masa nasa 'ya'yan. Rabinsu aka bar su da farin ice, rabi ya kai marina aka tsoma a baba. Gidajen kuwa a jikin fatar akuya ya zana su da tawada. Ya kawo ya shimfiɗa a kan tabarmarmu, a daidai inda nake ajiye faifan wake. Ni ya fara yi wa tayi, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ce yana son wanda zai zauna masa a ɗaya gefen ya riƙa maimaita fitar da Saje ya nuna masa, ba sai na iya komai ba. Na dubi wurin da yake nuna mini, gwiwa da gwiwa, ido cikin ido, rana ba ta faɗi ba. Na sunkuyar da kai na ce ina da daka. Shi ɗan gari ne, bai gane ba. Ya ɗauka raina abin na yi.

A lokacin Rabi tana gidan, aurenta na fari ya mutu ta dawo wurin yayanta. Ku kun san ta da tsufa, ba ku san ta da ƙuruciya ba. Mace ce mai baki, mai dariya har ka ga dasashinta. Tana jin na ce ina da daka ta taso daga bakin murhu ta zauna a gabansa ta harɗe ƙafa.

"Yaya, bar 'yar Fulani da turminta. Nuna mini wanne ne mai kan jaki."

"Doki ne, ke."

"To masassaƙinka bai taɓa ganin doki ba."

Daga ranar nan la'asar ta bar hannuna. Tabarma tana nan a ƙofar ɗakina, Malam yana nan a kanta, amma ko na wuce ta gabansa bai san na wuce ba. Ya koya mata sunayen: sarki, sarauniya, doki, liman, soro, da dakarun da ke jere a gaba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin limamin da ba ya tafiya sai a karkace ba, in na masallacinmu ya ji za a yi rigima. Ya yi dariyar da ni kaɗai na san yana yi. Kullum ita ke ƙwace farare, wai baba na ɓata mata lalle, amma da yake cinye masa baƙaƙen take yi, zuwa magariba yatsunsu duk sun yi shuɗi, nasa da nata iri ɗaya. Ni ke zuba musu ruwan alwala ina kallon hannayen nan. Da kishiya ce da na san inda zan kai kuka, kowa zai ce ina da gaskiya. To wa zan gaya wa ina kishin mijina da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya? Na ɗauki abin na haɗiye, ya zauna mini a ƙirji. Ita kuma ba da mugunta ba, wasan ƙanwar miji ne, sai ta ɗago ta ce na zo na ga yadda ta ɗaure mijina, ko na kawo masa fura ya ji sanyi. Ina murmushi, taɓarya tana shan wahala.

Ban yi niyyar koyo ba, kunnena ne ya koya. Abu ɗaya suke maimaitawa kullum, Malam yana faɗa da baki kamar mai bita. Dakaren gaban sarki ya yi taki biyu. Doki ya fito. Liman ya fito. Sarki ya shige bayan soro ya ɓuya. Kada a taɓa ɗa ɗaya sau biyu alhali 'yan uwansa suna gida. Sarauniya ta yi haƙuri. Ni da na tashi ina ganin ana buɗe wa shanu da safe, abin bai yi mini wuya ba, na san akwai wadda ake fara saki akwai wadda ake riƙewa. In sun tashi salla sai na tsaya a kan fatar na duba. Daga baya na riƙa zana gidajen a toka a bayan madafa, farin wake nawa, jan wake nasa, ina yin fitar ni kaɗai, in na ji motsi na share da ƙafa.

Akwai fita guda da Saje ya fi so, ita suka fi maimaitawa. In kowa ya tura dakarensa ya fito da dokinsa, sai mai farare ya aika liman can gefe ya tsaya yana hararar dokin baƙi. Mai baƙaƙe kuma sai ya turo ɗan dakaren bakin fata taki ɗaya ya tokari liman. A nan hanya biyu ce, ko liman ya ja da baya, ko ya faɗa wa dokin. Rabi ba ta taɓa ja da baya a wurin nan ba. Kullum sai ta fizge dokin ta jefa a cinyarta, shi kuma ya yi tsaki ya cinye limaminta, su ci gaba.

Da damina ta wuce, wani mai fataucin shanu daga Kurfi ya nemi Rabi, ta kuma so shi. Ba wadda ta kai ni rawar jiki a bikin nan. Mata suna ta yaba mini, wai ba su taɓa ganin matar wa mai son ƙanwar miji haka ba. Aka kai ta garinmu, gidanta bai da nisa da na Innata. Na dawo na share ƙofar ɗaki, na ce yanzu labarin kasuwa zai dawo.

Bai dawo ba. Malam ya shimfiɗa fatarsa ya zauna shi kaɗai, ya yi wa farare taki, ya zagaya da hannu ya yi wa baƙaƙe. Na yi kwanaki ina kallonsa. Rannan na ajiye faifai, na matso na zauna a wurin Rabi, amma a karkace, kafaɗata ce ke fuskantarsa. Na miƙa hannu na tura dakaren gaban sarki taki biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya tura nasa. Na fito da doki. Da na aika liman wurinsa sai ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce bango yana da kusa da turmi. Ya yi murna ranar nan, Allah ya sani, har ya ce ashe malama yake aure bai sani ba. Ya turo ɗan dakarensa ya tokari limamina, na ja da baya. Ya ce wannan ma hanya ce, Saje ma yana yin ta.

Matsalar ta fito da muka wuce fitar farko. Wasan nan ba ya tafiya sai an ci. Ɗansa zai zo ya tsaya a bakin nawa ba mai tsaronsa, ina ganinsa sarai, hannuna ya tashi, sai na ji muryar Innata a raina, na kauce na taɓa wani can daban. Abin da ke gabansa ne, bai miƙo mini ba. Da farko ya ɗauka ban gani ba, ya riƙa nuna mini. Da ya gane ina gani sai ya yi ta lallashi, ya ce ice ne, ba tuwonsa ba ne. Har ya taɓa ɗaukar dakarensa ya sa mini a hannu, na karɓa, muka dubi juna, shi ma ya san wannan ba wasa ba ne. Ya yi haƙuri da ni makonni. Ranar da haƙurin ya ƙare bai yi faɗa ba, ya dai tattara 'ya'yan a hankali.

"Asabe, fitarki ta fi ta Rabi kyau. Amma wasa da ke kamar kokawa da zane ne. Ba abin da zan koya."

Satin da ya biyo baya ya naɗe fatar ya ɗaure a bayan kekensa, ya ce zai je Kurfi duba farashin wake. Ya kwana can. Ya dawo yana ba ni labari, amma duk labarin Rabi ne, yadda ta yi masa tarko, abin da ta ce da mijinta ya leƙo. Tun yana yin sati biyu kafin ya koma har ya zama kowane mako. A da ina ganinsa ko bai gan ni ba. Yanzu tabarmar ma a naɗe take. Kuma garinmu yake zuwa, ta ƙofar gidanmu yake wucewa. Yakan tsaya daga waje ya durƙusa ya aika wa Innata gaisuwa, sannan ya wuce gidan ƙanwarsa ya wuni. Mutanen Kurfi suna da ido. Magana ta fara yawo cewa mijin Asabe ba ya iya zama a gidansa.

Wata ranar Laraba da la'asar na ga yana duba tayar keke, na san gobe tafiya ce. Na shiga ɗakinsa na ɗauko fatar da kaina na shimfiɗa, na jera 'ya'yan, na zauna. Wannan karon ban karkace ba. Ya zo ya zauna don kada ya ba ni kunya, na ga haka a fuskarsa. Bayansa yana wajen ƙofar shigowa, ni ina fuskantarta. Dakare, dakare. Doki, doki. Na aika liman. Ya turo ɗan dakarensa ya tokare shi, kansa a sunkuye, hankalinsa rabi yana Kurfi.

A daidai nan na ji sallama. Muryar Innata ce, ƙasa-ƙasa yadda take yi, shi bai ji ba. Na ɗago na gan ta tsaye a bakin zana da ƙwarya a ka, ƙafafunta sun yi fari da tafiya. Maganar mutane ce ta taso ta, ta zo ta ga abin da ke damun aurena. Ta tarar da ni gwiwa da gwiwa da mijina, hannuna a kan kayansa. Abin da ya kamata na yi na sani, na amsa, na zabura, na karɓi ƙwaryar. In na tashi kuwa, na san fatar nan gobe tana bayan keke, kuma ba zan sake samun zuciyar shimfiɗa ta ba. Ban amsa sallamar uwata ba. Tana kallona ina kallonta, na ɗauki limamina na ture dokin Malam, na ɗauke dokin daga gabansa na riƙe a hannuna.

Ya yi tsakin nan nasa, bai ɗago ba.

"Kai, Rabi, ke dai ba ki san ja da baya ba."

Ya sa dakare ya cinye limamina, sannan ya ɗago. Ya ga fuskata, ya waiga ya ga surukarsa. Ban taɓa ganin mutum ya bar tabarma da sauri haka ba, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Innata ta shigo ɗaki ta zauna. Na kawo ruwa ta sha kaɗan. Na yi tuwo ta ce ta ƙoshi. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Da safe ta juye mini nonon da man da ta kawo, ta ɗauki ƙwaryarta. Na raka ta har bayan gari ina bin ta a baya kamar maraƙi. A nan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Na zo ne na ji ko shi ya ɓata miki. Ashe ke kika zubar da abin da na ba ki. Kuma da kika zubar, ko sunanki bai riƙe ba."

Malam bai je Kurfi ranar Alhamis ɗin nan ba. Da la'asar ya shimfiɗa fatar ya zauna yana jira, ya kasa kallona. Ya ce bakinsa ne ya saba, na yafe masa. Na ce ba komai. Na zauna na ci masa dakaru biyu, idona yana zuba, shi yana cewa madalla. Daga nan tafiyar Kurfi ta koma sai da dalili. Kafin shekara ta zagayo ya fara kayar da Saje jefi-jefi, ya shigo gida yana kwaikwayon yadda Saje ke murza gashin baki, labarin kasuwa ya dawo, sai dai yanzu ina jinsa ne ina fuskantar mai ba da shi.

Innata kuwa ba ta sake taka Dutsin-Ma ba. Ba ta yi fushin da mutane za su gani ba. In na je Kurfi za ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara, ta ba ni man shanu. Amma haihuwar da na yi bayan nan, ƙanwarta ta turo ta zauna da ni. Lokacin da ciwon ajali ya kama ta na je na yi jinyarta, ina ɗaga ta ina kwantarwa, ina jiran ta ce mini wani abu a kan ranar nan, ko da faɗa ne. Ta yi mini addu'a kamar yadda ta yi wa kowa, ta tafi.

Rabi ba ta taɓa sanin wannan ba har ta koma ga Allah, kuma ni na yi mata wanka. Ina son ta, ina kuma kishinta, har yau da suke kwance su biyun ni ina nan. In an yi baƙi aka tambayi mahaifinku wa ya fi ba shi wuya a dara, sai ya ce Rabi, ina zaune a wurin. Ban taɓa yi masa gardama ba, wataƙila ma gaskiyarsa ce, ta fi ni kaifi. Ban ce ku ce na fi ta ba. Ita dai da ta zauna a gabansa ba abin da ta bari a baya, tasowa kawai ta yi daga bakin murhu. In kun sake zama kuna tuna shi da darar nan, ku kama sunana. Asabe ne.